Kwalayen Umma a Hawa na Sha Ɗaya

Tun da na dawo makaranta ba a bar ni na huta ba. Hafsa tana son ta ji ko gaskiya ne mutanen Malesiya shinkafa suke ci har da safe, Ummita kullum sai ta tambaye ni ko na hau tagwayen benen nan da ake gani a hoto, ranar Laraba kuwa har malamar Hausa ta ce in tashi in ba aji labari. Na tashi, na ce garin akwai ruwan sama da yawa, na zauna. Aka yi ta dariya. Kun san ni, in idanu suka yi mini yawa magana guduwa take yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, in ɗaya ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Sai dai ku yi haƙuri, tagwayen benen sau ɗaya na gan su, ta tagar mota, rabinsu ma cikin gajimare. Mafi yawan tafiyata a gida mai ɗaki biyu na yi ta.

Ga yadda aka yi. Ummata malamar Faransanci ce, kuma a lokacin shekararta biyu a Kuala Lumpur tana karatun digiri na uku. Wata rana bayan an ɗauke ruwa ta zame a matattakala, hannunta na dama ya karye. Abba ya ce dole wani ya je ya kama mata aiki. Ƙannena biyu ƙanana ne, sai abin ya faɗo kaina. Kawu Sani, ƙanin Umma, dama yakan je can saro mayafai, aka ce in bi shi. Wata ɗaya aka ce zan yi.

Ni ce 'yar fari. Waɗanda suke 'yan fari a cikinku ba sai na yi musu bayani ba. A ɗakin Hajiya, kakata ta wajen uba, aka yaye ni, a can kuma na tashi, gida ɗaya da Umma amma sashe daban. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce "ke", ni ce "yarinyar nan", in a gaban baƙi ne kuma "'yar Hajiya". In ta bugo waya sai ta daɗe tana hira da ƙannena, in aka miƙo mini ta ce, "Ya karatu? To, ba Hajiya." Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ta tashi ta ga ana yi. Amma akwai abu ɗaya da na ɗauka a raina tun daga filin jirgin Kano, ban gaya wa kowa ba. Ina so in sani ko a shekara biyun nan ta yi kewata, ko da sau ɗaya ne.

Hajiya ce ta haɗa mini kaya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu a robar da aka naɗe da leda uku, da kilishi ƙunshi biyu. Ta kuma sa aka yi mini lalle har yatsu, wai kada in je ƙasar mutane hannu fari kamar marar gata.

Jirgin farko ya kai mu Addis Ababa. Kunnuwana suka toshe, na yi ta haɗiyar yawu kamar yadda Kawu ya koya mini. A can muka fara ganin mutane jefi-jefi da takunkumi a fuska. Kawu ya ce, "Ciwon nan da ake faɗa ne a rediyo. Bar su, mu da muka sha ruwan rijiya muka rayu." Jirgi na biyu ya daɗe har na daina sanin ko yau ce ko gobe. Da Kawu ya so yin salla ya tambayi ma'aikaciyar jirgin ina ne gabas, ta nuna masa gaba, can jirgin ya karkata, ya waiwayo ya ce mini, "To yanzu kuma gabas ta koma ina?" Ni dai ƙaramin cokalin da aka ba ni da abinci nake ta juyawa, ina tunanin abin da zan fara ce wa Umma.

A wurin duba fasfo wata mata ce mai ɗan ƙaramin mayafi da ta maƙale da fil mai siffar fure. Ta ce in ɗora yatsuna a kan gilashi. Na'urar ta ƙi. Ta goge gilashin, na sake, ta ƙi. Ta kama hannuna ta juya, ta ga lallen Hajiya ya yi baƙi ƙirin, ta yi murmushi ta ce yana da kyau amma na'urarta ba ta son sa. Sai a karo na biyar ta karɓa. Mutanen da ke bayana suna ta leƙe, ni kuwa ji nake kamar in nutse.

Masu duba kaya kuma daddawa ce ta tsayar da su. Mutumin ya buɗe ledar ya kai hanci, ya ja da baya, ya kira abokinsa shi ma ya shaƙa. Kawu yana ta cewa, "Soup, soup! Na miya ne, wallahi!" Suka yi dariya, suka ce su ma suna da irin nasu da ake yi da jatan lande, kuma ya fi wannan ƙarfi. Suka bar mana ita. Kilishi ne suka ce nama ba ya shiga. Kawu ya dafe kai. Ya roƙa a bar shi ya ɗan ci a nan tsaye, suka ce boleh, wato an yarda. Ya ci falle uku yana hawayen yaji, ya miƙa sauran kamar mai ba da 'yarsa.

Da muka fito inda ake tarbar mutane, wata yarinya sa'ata tana gabana. Ta saki jakarta ta ruga, ta kama hannun mahaifiyarta da hannu biyu, ta sunkuya ta kai shi goshinta, ta sumbace shi, sannan suka rungume juna. Daga baya na ga haka yaran can suke gaida manya, har da ƙatti masu gemu. Ina cikin kallonsu na hango Umma. Ta rame. Hijabin nan nata ruwan ƙasa ne a jikinta, hannun a rataye a ƙarƙashinsa. Na ƙarasa na durƙusa.

"Kun iso lafiya? Ya Hajiya? Ya yara?"

"Suna lafiya, sun ce a gaishe ki."

Ta kalli ƙafata. "Wannan takalmin ba zai yi ruwan garin nan ba."

Shi ke nan. Ta juya tana tambayar Kawu labarin gida.

Unguwar sunanta Wangsa Maju, gidan kuma yana hawa na sha ɗaya a wani dogon bene. Lif ɗin kullum warin soyayyen kifi yake yi da na sabulun wanke ƙasa. Kowace ƙofa tana da wata ta ƙarfe a gabanta, takalma kuma duk a waje ake barinsu, ba mai ɗauka. Ta taga ana hango jirgin ƙasa yana wucewa a kan gada, kuma ba shi da direba. Kwana uku ina leƙa gabansa don in tabbatar. Umma tana kwana a gado, ni a katifa a ƙasa kusa da ita.

Maƙwabta biyu na sani. Anti Rabi, Bakatsiniya ce, mijinta ke karatu, ita kuma tana ɗinki. Tun ranar farko ta rungume ni ta ce, "Asma'u! Ashe kina da suna, na ɗauka 'Yarinyar Nan' aka raɗa miki." Yaranta in ta yi musu magana da Hausa sai su ce, "No lah, Mummy." Ta ce in ta kai su Katsina haka, korar ta za a yi. Ɗaya maƙwabciyar kuma tsohuwa ce 'yar ƙasar, kowa Mak Cik yake ce mata, kamar a ce Gwaggo.

Kwana goman da Kawu ya yi su ne yawona. Mun je Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu yadi da mayafai, inda na lura ba sa nuna abu da manuniya, sai su dunƙule hannu su nuna da babban yatsa. Kawu da ya ga ana kallonsa in ya nuna da yatsa, sai ya koma nunawa da leɓe, mai shagon ya ɗauka haƙori ke damunsa. Mun je kasuwar Chow Kit, ƙasa jiƙe, kifi yana motsi a tire, Umma tana ciniki da yarensu tana ƙirga canji da hannun hagu. Mata da hijabi suna tuƙa babur, rigar sanyi a juye, bayanta a gaba. Hafsa, gaskiya ne, da safe shinkafa ake ci, dafaffiya da ruwan kwakwa, da ƙananan kifi da gyaɗa da wani jan yaji mai zaƙi, a naɗe cikin ganyen ayaba. Komai nasu sai an sa sukari, har miya. A shagon mamak, irin masu shayin can, mai shayin yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa kamar na bakin titinmu, shi kaɗai ne abin da na gani na ji kamar gida.

Kawu ya tafi da kayansa, ya ce bayan wata ɗaya zai dawo ya ɗauke ni. Bai cika mako da tafiya ba aka sa dokar kulle. Aka rufe makarantu da masallatai da filin jirgi. Mutum ɗaya kawai ake bari ya fita cefane daga kowane gida. Jirgin nan marar direba ya ci gaba da wucewa, babu kowa a ciki. Wata ɗayan nan sai da ya zama wata takwas.

Ni nake girki, ni nake wanki, ni nake ɗaura wa Umma zani. Amma babban aikin da na je yi shi ne rubutu. Aikin Umma a kan littattafan ƙagaggun labarai ne na Faransawa, tana bin yadda marubutansu suke ba dabbobi zuciya irin ta mutane. Tana da kwalayen takalmi biyu cike da ƙananan katuna. Takan riƙe littafi da hannun hagu tana karantawa, in ta zo inda ake maganar dabba sai ta ce, "Ke, ɗauko kati." Ta nuna mini jimlar, in kwafa harafi bayan harafi da Faransancina na aji uku, in sa lambar shafi, ita kuma ta gaya mini ma'anar da kwalin da zai shiga.

Kwali na farko na waɗanda marubucin ya faɗa ne kai tsaye. Kare ya yi baƙin ciki, jaki ya ji kunya, akuya ta yi fushi. Kwali na biyu na waɗanda bai faɗi komai ba, sai dai ya nuna abin da dabbar ta yi. An sayar da maraƙi, saniya ta tsaya a bakin shinge har rana ta faɗi, ciyawa a gabanta ba ta taɓa ba. An mayar da wata tsohuwa gidan ɗanta, tsuntsun da ta bari a keji ya daina kuka.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Umma, wanne ya fi?"

"Wanne ya fi me?"

"Kwalayen."

"Na farkon ba wuya. Kowa zai iya cewa kare ya yi baƙin ciki. Na biyun ne yake sa mai karatu ya ajiye littafin ya yi tagumi."

A kan littattafan nan Umma takan yi magana mai tsawo, irin wadda ban taɓa jin ta yi da ni ba. Ta ce mu ma a tatsuniya muna ba kura haɗama mu ba gizo wayo, amma ba mu cika tsayawa mu ce kura ta yi kaɗaici ba. Su kuwa sai marubuci ya ci shafi biyu a kan abin da ke ran tsohon doki. Wani lokaci tana fassara mini sai muryarta ta yi ƙasa. Nakan kalle ta ta gefen ido, in ce a raina, matar da take jin tausayin saniyar da ba a taɓa haifa ba.

A barandarmu akwai wata kyanwa fara mai guntun bindi a lanƙwashe. Can kyanwoyi ba a korarsu kamar nan, ba mai cewa mayu ne, har a masallaci suke kwanciya. Wannan ta wata ɗaliba ce da ta tafi garinsu kafin kulle ta kasa dawowa. Kullum kyanwar tana zaune a ƙofar ɗalibar. Mak Cik takan zuba mata abinci a tata ƙofar, ta zo ta ci, ta koma. In lif ya buɗe sai ta ɗaga kunne. Mak Cik ta nuna mini ita da babban yatsa daga nesa, ta dafa ƙirji ta ce, "Rindu." Anti Rabi ta ce kewa ke nan da yarensu.

Na shiga da saurina na ce wa Umma ga kyanwa 'yar kwali na biyu a ƙofarmu. Ban taɓa zaton za ta musa ba.

"Akwai tabarmar goge ƙafa a ƙofar, ta fi siminti ɗumi," in ji ta. "Kuma a nan ta saba samun abinci."

"Amma in lif ya buɗe…"

"Ke ma in lif ya buɗe kina ɗaga kai. Mak Cik wata biyu ba ta ga jikokinta ba. Ita ke kewa, sai ta ɗora wa kyanwa. Abin da nake rubutu a kai ke nan. Saniyar nan da ta ƙi ciyawa, wa ya sani ko cikinta ke ciwo? Marubucin ne yake da abu a ransa, ya nemi inda zai ajiye."

Maganar ta tsaya mini a rai. Amma duk da haka, a makon ne na fara wani abu da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Na ga tunda Umma ba 'yar kwalin farko ba ce, ba za ta taɓa faɗa ba, to bari in bi ta yadda take bin littattafanta. Na ɗebi katuna marasa rubutu na ɓoye. Duk abin da na ga ta yi, sai in rubuta da Hausa, ba ƙari.

Ta ba ni tsakiyar kifi, ta ci kai.

Na fita zubar da shara, ta tsaya a bakin ƙofa har na dawo.

Na yi tari sau biyu, ta kashe fanka.

Azumi ya same mu a haka. Anti Rabi ta ce a da titi guda ake rufewa a cika shi da masu abincin buɗa-baki, bana kuwa sai dai a rataya wa juna leda a ƙofa. Mukan rataya wa Mak Cik ƙosai, ta rataya mana wata koriyar waina mai kwakwa. Ana jibi Salla Umma ta ce in yi mata kitso tunda ba zuwa gidan kitso. Ta zauna a ƙasa, ni a bakin gado. Ban taɓa taɓa kanta ba sai ranar. Akwai furfura bakwai a gefen hagu, na ƙirga. Da na gama na ce na gama, ba ta tashi ba. Idonta a rufe, kanta a jingine da gwiwata. Na ƙi motsi har ƙafata ta yi sanyi. Wannan ma na rubuta shi, shi ne kati na shida.

Ranar Salla daga baranda aka yi gaisuwa, kowa a ƙofarsa. Anti Rabi ta ɗaga murya ta ce, "Malama, albarkacin Salla ki kira yarinyar nan da sunanta mana. Nan Malesiya ce, Hajiya ba ta jin ki."

Umma ta ce, "Rabi, kamar miyarki ce ke ƙauri."

"Ba abin da na ɗora!"

"To je ki ɗora."

Ruwan can ba ya sallama. Rana tana tsaka sai gari ya yi duhu, iska ta taso. Wata rana bayan azahar na manta taga a buɗe, kwalayen suna kan tebur babu murfi, ni kuma ina zaune da katunana shida a cinya ina dubawa. Iska ta shigo ta watsa komai, har ƙarƙashin gado. Umma ta fito daga wanka tana salati, muka yi ta tsinta. Na tattara na zuba a kwali kafin ta zo kusa. Da na koma neman nawa, babu su. Sun shige cikin ɗaruruwan katuna, kuma kwalayen kullum suna gabanta.

Bayan kwana huɗu tana da ganawa da malamarta ta kwamfuta. An cire mata filasta a lokacin, amma hannun bai yi ƙarfi ba. Ina tsaye a ƙofar kicin ina bare albasa, ina jin ta tana zaro kati tana karantawa da Faransanci tana bayani da Turanci. Ta zaro ɗaya, ta buɗe baki, ta tsaya. Na ga idonta ya bi layin sau biyu. Ta kifa shi ta ɗora kofi a kai, ta ce wa malamar ta yi haƙuri, ta zaro wani. Ba ta waiwayo ba. Ni kuwa albasar nan sai da na bare ta har ta kusa ƙarewa.

Washegari da na idar da sallar la'asar na ga katuna a kan matashina, an ɗaure su da roba. Ta bi su da jan biro, rubutun a karkace saboda hannun. A ƙarƙashin na kifi ta sa, "Kai na fi so tun ina yarinya." Na shara kuma, "Mukulli ɗaya ne, in ƙofar ta rufe wa zai buɗe?" Na fanka, "Ni ma sanyi nake ji." A bayan na ƙarshe ta rubuta, "Katin aiki ne, a daina ɓata shi."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Abin da ya fi yi mini zafi shi ne wataƙila gaskiyarta ne. Wataƙila ni ce Mak Cik, ni ke da abu a raina na nemi inda zan ajiye. Sai da na fito na ƙirga katunan na ga biyar ne. Na kitso bai dawo ba. Na duba ƙarƙashin gado da bayan firji, ban gan shi ba. Ko iska ce ta fitar da shi ta taga, ban sani ba, kuma ban tambaya ba.

Muka ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Aka sassauta kulle, muka koma Chow Kit da takunkumi, ana auna zafin goshinmu a bakin kowane shago. Umma ta saya mini takalmin roba. Ɗalibar nan ta aiko wani ɗan'uwanta ya kwashe kayanta, ya tafi da tabarmar ƙofar, kyanwar kuma ta ci gaba da zama a wurin a kan siminti. Na so in nuna wa Umma, na fasa.

Can Abba ya bugo ya ce za a buɗe makarantu, jirage sun fara tashi, kuma akwai wata Hajiya 'yar Zariya da ta gama karatu za ta dawo, in biyo ta. Umma sauranta shekara guda. Ranar muna tsince shinkafa, na ce ba tare da na ɗago ba, "Umma, da na zauna na ƙarasa miki katunan."

"Hannuna ya warke."

"Akwai makaranta a nan ma. Yaran Anti Rabi…"

"Hajiya fa? Wa kike so ya riƙa ɗauko mata ruwan alwala?" Ta ture tsakuwa gefe da yatsa. "Ki tafi ki yi karatunki."

Aka yi mini gwajin nan na tsinke a hanci har na yi hawaye. Mak Cik ta ba ni ɗan mayafi shuɗi, na gaishe ta irin gaisuwarsu duk da an hana taɓa hannu. Anti Rabi ta yi kuka sosai, ta cika mini jaka da saƙon Katsina. Motar da ta zo ɗaukata ta cika da akwatunan Hajiyar Zariya, babu wurin mutum na uku, don haka a bakin lif muka rabu da Umma. Ita ta riƙo mini ƙaramar jakata da hannun da ya karye. Na durƙusa. Na yi niyyar in kama hannun in kai goshina, ko sau ɗaya, amma jikina ya ƙi.

"Fasfo yana aljihun gaba," in ji ta. "Kada ki ba kowa ya riƙe miki. Ki gaida Hajiya."

Ƙofar lif ta rufe. A ƙasa na ɗaga kai ina ƙirga hawa don in gano tagarmu, na ɓace a na takwas, na sake farawa, direba ya ce in shiga. Duk tagogin iri ɗaya ne, shanya ce kawai ke kaɗawa.

Dawowar ba ta da labari. Takunkumi tun daga can har Kano, Hajiyar Zariya tana barci, ni ina kallon taswirar da ke bayan kujera, ɗan jirgin yana nisa da inda na baro. A gida aka killace ni mako guda a ɗakin Hajiya, ƙannena suna leƙowa ta taga suna tambayar tsaraba. Na dawo da amsar da na tafi nema ko ban dawo da ita ba, ni kaina ban sani ba a lokacin.

A kwana na shida Abba ya miƙo wayarsa ta taga, ya ce saƙon murya ne daga wata Rabi, wai nawa ne. Na kunna, Hajiya tana gefe tana jan carbi.

"Asma'u 'yar Kano, kin isa ba ko waya? To ni dai ki zo ki ɗauke mana uwarki. Tun ranar da kika tafi kullum sai ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwano, wai ta manta ta dafa na mutum biyu. Ranar farko na ce mantuwa ce. Yau kwana biyar ke nan, Malama guda mai digiri tana mantuwa. Jiya na ce mata, Malama, ki rage awo mana. Ta ce hannunta ne ya saba. Na ce wane hannun, wanda bai yi girki ba wata takwas? Ta ce wai miyata ke ƙauri. Yaran nan har sun fara ƙiba. Ki gaida Hajiya."

Hajiya ta ce, "Allah sarki, karatun nan ya fara taɓa mata kai."

Na sake kunnawa, na kuma sakewa. Da Abba ya dawo karɓar wayarsa na roƙe shi kada ya goge saƙon. Ya ce me zan yi da shi. Na ce muryar Anti Rabi nake so.